Tsufan Jarumi: Sharhi a Kan Fim ɗin "Logan"

Kirari bai san tsufa ba. Makaɗan maza suna wasa jarumi ne yana kan ganiyarsa, kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago, amma ba kasafai suke bin sa gida ba ranar da hannu ya fara rawa. Wannan giɓi shi ne fim ɗin "Logan", wanda James Mangold ya shirya a Amurka a 2017, ya yi ƙoƙarin cikewa.

An gina labarin a shekarar 2029. Logan, wanda Hugh Jackman ya fara fitowa a matsayinsa tun 2000, ya zama direban haya mashayi, yana jinyar tsohon malaminsa, Charles Xavier. A da, ko an sare shi, nan take raunin yake warkewa; yanzu kuwa ƙarfen da aka dasa masa a ƙashi shi ne gubar da ke cinsa.

Mai kallo a Jega ko Maiyama ba zai ga baƙon abu ba a nan, domin ya san ɗan tauri, wanda wuƙa ba ta kama shi, ya kuma san cewa magani yakan ci mai shi. Mutumin Aliero kuwa, garin da ya shahara da ɗori, ya san ƙashin tsoho ba ya haɗewa kamar na yaro. Gwanintar fim ɗin ta fi bayyana inda aka sa wanda zai kashe Logan ya zama kwafinsa ne matashi, watau ƙuruciyarsa ce ta kayar da shi, kamar yadda sabon ɗan dambe kan kayar da tsohon gwani.

Sai dai akwai rauni. Fim ɗin bai bar wa tsohon jarumi wata mafita ba sai mutuwa a fagen fama. A ƙasar Hausa, wanda ya kwance zare yakan koma gefen fage, yana horar da yara, yana raba faɗa, ana girmama shi. Logan ya sami magajiya, yarinyar nan Laura, amma abin da ta gada a wurinsa farata ne da maraici. Jarumtar da ba ta da dangi ko gari, tsufanta ba ya kyau.