"Hanyar Fitsari": Sharhi a kan Kalmar da Aka Ɗora wa Kayan da Ya Fi Ƙarfinta

Gabatarwa

Wanda ya saba sauraron shirye-shiryen kiwon lafiya a rediyo, ko karanta takardun wayar da kai da ake fassarawa zuwa Hausa, zai lura da yadda ake yawan jingina da kalmar "hanyar fitsari". Da ita ake kiran bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, da ita ake kiran wanda ke fitar da shi waje, wani lokaci kuma a game duka a kira su da wannan suna. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna illar wannan cakuɗe, a binciko asalinsa, sa'an nan a ba da shawarar gyara. An ɗauko misalai daga ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, cikin Jihar Kebbi.

Yadda halittar take

Ƙoda biyu ke tace fitsari daga jini. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke kai fitsarin mafitsara, wadda ke iya riƙe kimanin rabin lita. Daga ƙarƙashin mafitsara sai wani bututu guda ɗaya tak ya tashi ya kai fitsarin waje. Wannan na ƙarshe shi ne abin nazari a nan.

A jikin namiji tsawonsa ya kai wajen santimita 20. Yakan fara da ratsa tsakiyar wani ƙululu da likitoci ke kira furosteti, ya bi ta cikin tsokokin da ke shimfiɗe a ƙasan ƙugu, sa'an nan ya bi tsawon gaba. Ta cikinsa ne kuma maniyyi ke fita. A jikin mace kuwa bai wuce santimita 4 ba, yana manne da bangon farji na gaba, fitsari kaɗai ke bi ta cikinsa. Wannan gajarta ce ta sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin isa mafitsarar mace. Har ila yau akwai zoben tsoka da ke tsuke bututun, wanda mutum ke iya sarrafawa da nufinsa. Da shi ake riƙe fitsari har a kai makewayi. Ashe ke nan bututun yana da aiki biyu, fitarwa da riƙewa, kalmar "hanya" kuwa na farkon kaɗai take nunawa.

Asalin giɓin

Wasu na ɗora laifin a kan kunya. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin a zaurukan karatu malamai sun daɗe suna fassara Ahalari da Iziyya da Risala, suna rarrabe bawali da maziyyi da wadiyyi da maniyyi, kowanne da hukuncinsa, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Harshen da ya iya ambaton ruwa huɗu masu fita ta kafa ɗaya ba zai kasa ambaton kafar don kunya ba.

Dalilin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, sunayen kayan ciki na Hausa daga hannun masu sana'a suka fito. Mahaucin kasuwar Jega ya san hanta da saifa da huhu da tumbi da ƙoda, domin yana sayar da su. Ya san matsarmama da mafitsara, domin dole ya cire su a hankali kada su ɓata nama. Maɗoran Aliero, da suka shahara a Arewa da sana'ar ɗori, sun bambanta karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe. Siririn bututun da ba a ci, ba a sayarwa, ba a ɗorawa, babu mai sana'ar da ya bukaci raɗa masa suna. Ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa aikinsu tattara abin da jama'a ke faɗa, ƙirƙira ba ta cikin aikinsu.

Inda cakuɗen ke cutarwa

Misali na farko shi ne tsargiya, cutar da aka sani a wuraren fadama da bakin gulbi, irin Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira. Tsutsar na fitowa daga jikin ƙananan dodon-koɗi, ta huda fatar mai wanka ko mai aikin shinkafa, ƙwayayenta kuma su maƙale a bangon mafitsara, shi ya sa jini ke biyo ƙarshen fitsari. A wurare da dama ana ɗaukar jinin alamar balaga ga yaro. In aka ce wa uba jinin daga "hanyar fitsari" yake, sai ya zaci daga gaba ne, zatonsa ya ƙara ƙarfi. In aka ce masa mafitsarar ce ta yi rauni, ya fi saurin yarda ɗansa ya sha maganin da ake rabawa a makarantu.

Na biyu ya shafi maɗora kai tsaye. Karayar ƙashin ƙugu, kamar wadda haɗarin babur ke jawowa, tana iya yaga bututun namiji a daidai inda ya ratsa tsokokin ƙasan ƙugu. Alamarsa ita ce ɗigon jini a bakin gaba da kasa yin fitsari. Wannan rauni aikin likitan tiyata ne, jinkiri kuma na iya barin tabon da zai ƙuntace bututun. Yaya za a koya wa maɗori ya gane raunin gaɓar da ba ta da suna a harshensa?

Na uku shi ne yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ce babban sanadinsa, yankan gishiri kuma ya ƙara nasa kaso, tun da askar na sauka ne a bangon da bututun ke manne da shi. Likita Kees Waaldijk, wanda ya daɗe yana wannan aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, ya fitar da tsarin rarrabe raunukan a 1995, ya kuma gina shi a kan tambayar ko raunin ya taɓa bututun da abin da ke tsuke shi. Dalili kuwa, macen da bututunta ya lalace tana iya ci gaba da yoyo ko bayan an ɗinke hujin. Mai jinya a cibiyar Gesse ta Birnin Kebbi tana da haƙƙin a yi mata wannan bayani da Hausar da za ta fahimta.

Daɗin daɗawa, ita ma "mafitsara" ba ta tsira ba. Sau da yawa akan ji an fassara sankarar furosteti da "sankarar mafitsara", alhali cututtuka ne biyu daban, ta mafitsarar ma tana da alaƙa da tsargiyar da ta daɗe ba magani.

Shawara

Aro daga Ingilishi ba zai warkar ba. Kalmomin biyu, "ureter" da "urethra", tushensu ɗaya a harshen Girka, in suka shigo bakin Bahaushe sai su kusa zama ɗaya. Kalmar "jijiya" kuma kaya sun riga sun yi mata yawa, tun da da ita ake kiran ta jini da ta motsi da agara. Abin da ya fi dacewa shi ne a kira kowane bututu da sunan gaɓar da ya taso daga gare ta: "bututun ƙoda" ga na sama, "bututun mafitsara" ga na ƙasa. A keɓe "mafitsara" ga jakar kaɗai, a bar "hanyar fitsari" ga tsarin gaba ɗayansa. Sunayen suna nuna gurbin kowanne, kuma ana iya faɗinsu gaban suruki.

Kammalawa

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna masana na iya zama su daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Irin wannan zama ake bukata ga gaɓoɓin jiki, tare da likitoci da mahauta da maɗora da ungozomomi. Makarantar koyon aikin lafiya ta Jega da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 suna kusa da juna, sun isa su fara. Ma'aunin nasara kuwa shi ne manomin Kuberi ko na Maiyama ya ji kalmar sau ɗaya ya gane inda ake nufi a jikinsa.