Littattafan Koyon Ingilishi na Tasha: Abin da Suka Ba Mu da Abin da Suka Rage

Idan ƴan cin rani suka komo gida daga Kano, ko Kaduna, ko Ikko, cikin tsarabarsu akan ga wasu ƴan ƙananan littattafai na koyon Ingilishi. A tasha ake sayar da su, da bakin kasuwa. Yanzu sun yawaita a Falanko, da Tanut, da Belbeji. Tun da jama'a suna kashe kuɗinsu a kansu, ya kamata mu duba su da kyau, mu ga ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Masu sayensu ba su yi wauta ba. A shekarar 2025, sabuwar dokar ƙasarmu ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Ga matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a nan ƙasar Tanut, inda ƴan ƙasa suke aiki tare da mutanen Sin. Ga Najeriya a kudu da mu, inda takardar aiki da ta albashi duk da Ingilishi ake rubuta su. Saboda haka saurayin da ya ce zai koyi wannan harshe, abincinsa yake nema.

Mu fara da alherin littattafan. Ba su da tsada, kuma suna shiga aljihu. Suna jera kalmar Hausa a gefe ɗaya, ta Ingilishi a ɗaya gefen. Akwai ƙidaya, da ranakun mako, da watanni, da sunayen kayan aiki. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya buɗe su shi kaɗai a inuwa, ya ƙaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma aibinsu na farko babba ne. Mu a Hausa, yadda aka rubuta haka ake faɗi. Ingilishi ba haka yake ba. Wuƙa a harshensu ana rubuta ta knife, amma ana cewa “naif”. Harafin k yana nan a takarda, baki kuwa ba ya taɓa shi. Da yawa cikin littattafan nan ba su nuna yadda ake furta kalma. Sai mutum ya haddace kalma ɗari da karatun Hausa, ya je wurin aiki ya faɗe su, ba wanda ya gane shi. Kunya ta kama shi, ya rufe bakinsa.

Aibi na biyu ya fi wannan. Littattafan suna koyar da kalmomi, ba su koyar da ladabin magana. Mu muna da “kai”, da “ke”, da “ku”. Idan muna gaban babba sai mu ce “ku”, ya san mun girmama shi. Faransanci ma yana da irin wannan bambanci. Ingilishi kuwa kalma guda gare shi, you, ita ake faɗa wa yaro, ita ake faɗa wa sarki. To, ina girmamawar take? Tana cikin wasu ƴan kalmomi da ake ƙarawa, kamar please, wato don Allah, da kuma mai da umurni ya zama tambaya. Littafi ya koya maka “ba ni guduma”. Ka faɗe ta haka tsirara ga shugaban aiki, sai ya ɗauke ka marar kunya, alhali kai ɗan mutunci ne. Baki shi ke yanka wuya.

Haka kuma al'adu sun bambanta, littattafan ba su ce komai a kai ba. A Damargu, yaro mai tarbiyya yana sunkuyar da kai gaban babba. Turawa da yawa kuwa, in ba ka dube su ba, sai su zaci kana ɓoye wani abu. Mu mukan yi doguwar gaisuwa, mu tambayi gida da gajiya da dabbobi. A wurin aikin kamfani gaisuwa gajera ce, sai a shiga abin da ya kawo ka. Ba wai tamu ba ta da kyau ba ne. Kowane gari da irin shigarsa.

Aibi na uku shi ne wanda yake iya jawo hasara. Jimlar da sabon ma'aikaci ya fi bukata ita ce: “Ban gane ba, don Allah a sake faɗi a hankali.” Ita ya kamata ta zo a shafin farko, amma sau da yawa sai ka neme ta ka rasa. Mutumin da aka ba umurni bai gane ba, ya ce “to” don kunya, shi ne zai zuba mai inda ake zuba ruwa, ko ya taɓa wayar lantarki da aka hana. Inji ya lalace, ko hannu ya tafi, ko a kore shi. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda yake son ya ga yadda magana take aiki, ya nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. A ciki, sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a hannun aku. Mugun waziri yana so yaron ya fita gari don a hallaka shi. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Bai yi wa ɗan sarki tsawa ba. Ya san da wa yake magana, ya san lokacin da zai yi ta, ya riƙe shi da labari bayan labari har sarki ya komo. Daga baya aka naɗa shi waziri. Ba mu ce ma'aikaci ya koyi fadancin aku ba, don wurin aiki gaskiya ta fi daɗin baki daɗewa. Amma sanin mutum da sanin lokaci, waɗannan darussa ne da littattafan tasha ba su da su.

To, a sayi littattafan ko a bari? A saya, amma kada a dogara da su kaɗai. Ka sami ɗan makaranta ko wanda ya daɗe a Najeriya, ya karanta maka da ƙarfi, kai kuma ka rubuta yadda ka ji da haruffan Hausa. Ku zauna biyu biyu, ɗaya ya zama shugaban aiki, ɗaya ma'aikaci, ku gwada gaisuwa, da neman izini, da ba da haƙuri, da tambayar kuɗin aiki tun kafin a fara. Jimla 20 da ka iya faɗi da ladabi sun fi kalma 500 da ke kwance a takarda.

Masu rubuta littattafan nan kuma muna roƙonsu su gyara. Su sa furuci kusa da kowace kalma. Su sa hirar wurin aiki irin wadda ake yi da gaske. Manomin da ya sayar da tiyar hatsinsa ya sayi littafi, ya cancanci a ba shi abin da zai amfane shi.