Ƙirƙirarriyar Basira a Ma'aunin Maslaha: Tsokaci Daga Gaɓar Kainji

Rahoton da Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford suka fitar a 2013 ya zama madogarar masu magana kan makomar aiki. Sun bi sana'o'i 702, suka ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka na cikin haɗarin faɗawa hannun na'ura. Ba na jayayya da lissafin. Naƙasunsa a wurina shi ne ya tsaya ga ƙirga aikin da zai salwanta, bai bi sawun ribar ya ga aljihun da za ta shiga ba. Ɗalibanmu kuwa sun ɗauko adadin, suka liƙa masa mas'alar ko mutum-mutumi sura ce haramtacciya, bahasi ya tuƙe a nan.

Mutanen ƙasar Yawuri sun ɗanɗani irin wannan sauyi tun kwamfuta ba ta iso mana ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da fadamun da Gungawa ke noman albasa, aka tashi mutum wajen 44,000 daga Yawuri da Borgu. Maslaha ce, babu musu: wutar ta haskaka birane, har Yamai ta samu rabo. Amma dokar HYPPADEC, hukumar raya yankunan da madatsun suka shafa, sai a 2010 aka yi ta, bayan shekara 42. Wanda aka tasa yana saurayi ya yi furfura yana jira.

Imam Shaɗibi, a cikin Al-Muwafaƙat, ya lizimta wa mujtahidi duban abin da aiki zai haifar kafin ya yanke hukunci, fuƙaha'u kuma sun ƙa'idance cewa mai cin riba shi ke ɗaukar asara. A ɗora wannan a kan tafkin. Mu ƙaddara wani kamfani ya zuba kejin kiwon kifi a ciki, na'ura na auna ruwa tana watsa abinci, farashi ya karye. Basarken da ke kai kamunsa kasuwar Warra ba zai fito a jadawalin Oxford ba, domin bai taɓa karɓar albashi ba, balle a ce an sallame shi. Wa zai lamunce masa asararsa? Mene ne haƙƙinsa a ruwan da shari'a ta sanya mutane tarayya a kansa? Wannan babi ne na lamuni da mallaka, kuma ban ga ko ɗaya daga ɗaliban da suka kawo mini adadin 47 ya buɗe shi ba.