Jean Rouch da Al'adar Mayar wa Mutane Hotonsu

Mai shirya fim ɗin gaskiya, wanda ba 'yan wasa a cikinsa, da rayuwar mutane yake sana'a. Yakan zo da kyamara, ya ɗauki noma da biki da makoki, ya tafi. Sau da yawa waɗanda aka ɗauka har su mutu ba su ga kansu a majigi ba. Jean Rouch, Bafaranshen da ya iso Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya karya wannan ɗabi'a, kuma a ganina nan darajar aikinsa take, fiye da yawan finafinansa da suka haura 100.

A 1954 ya koma garin Ayoru da fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina a kogin Isa. Aka kafa farin ƙyalle, aka tayar da janareta, Sarkawa suka zauna kallo. Da suka gane kansu da 'yan'uwansu da suka rasu, sai kuka ya tashi. Bayan an maimaita, gyara ya biyo baya. Rouch ya sa kiɗa a wurin farautar don ya motsa zuciyar mai kallo. Masunta suka ce sam, ba a farautar dorina da kiɗa, shiru ake yi. Ya karɓi gyaran, daga nan ya rage ɗora wa finafinansa kiɗan da ba na wurin ba. A zaman nan ne wani maharbi ya gayyace shi ya ɗauki farautar zaki da kwari da baka, fim ɗin da ya fito a 1965. Damure Zika, amininsa tun zamanin aikin hanya, shi ma ya kawo shawarar da ta haifi Jaguar, labarin samarin Nijar masu tafiya cin rani Gwalkwas, Gana ta yau.

Sai dai wannan bai wanke shi duka ba. Les Maîtres fous na 1955, wanda ya nuna 'yan borin Hauka a wajen Akara, kumfa na zuba a baki, suna cin naman kare, ya ɓata wa ɗaliban Afirka da ke Faris rai ƙwarai, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi. A 1965 Usman Sembene, mai shirya fim na Senegal, ya faɗa masa ido da ido cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Zargin yana da tushe. Muryar da ke fassara abin da ake gani ta Rouch ce, almakashin tace fim na hannunsa, kuɗin kuma daga Faransa suke fitowa. Mutumin Ayoru yana iya gyara kiɗa, amma ba shi da ta cewa kan inda hotonsa zai je.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan Indocin da Rouch ya samu yana dako a tashar jiragen ruwan Abijan, ya sa shi a Moi, un Noir a 1958. Ganda bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba. Ya riƙe kyamara da kansa, ya yi Cabascabo, sannan a 1972 ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai.