Iyalin da Rahoton Bishara Ya Manta

Yawancin tarihin mishan da muke karantawa a aji labarin maza ne. Ana gaya mana yadda Gowans da Kent da Bingham suka sauka Legas a 1893, da yadda cuta ta ɗauke biyu daga cikinsu a shekarar da ta biyo. Wannan ya cancanci tunawa. Amma da iyalai suka fara zuwa, sai alƙalamin marubuta ya yi sanyi. Makarantar Kent Academy da SIM ta buɗe wa 'ya'yan ma'aikatanta a Miango a 1946 takan sami layi ɗaya, a jerin nasarori. Ba a cika tsayawa kan uwar da ke hidima a wuri kamar asibitin kutare na Babbar Ruga ba, wadda za ta miƙa ɗanta mai shekara 6 ya yi watanni ba ta gan shi ba.

Rahotannin filin bishara na yau sun yi gadon wannan hali. Mai bishara daga Filato ko kudancin Kaduna da aka tura wani ƙauye a Kurfi ko Dutsin-Ma baƙo ne shi ma, ko da bai ƙetare teku ba. Rahotonsa yakan ƙirga masu baftisma da kwanon rufin majami'a. Ina matarsa, mai neman ruwa da rani, mai barci rabi da rabi saboda 'yan bindiga? Ina yaran da aka kai wurin dangi don karatu? Su ba su da Miango.

A 1 Korantiyawa 9:5, Bulus ya ambaci matan manzanni ne cikin maganar hakkin ma'aikaci, wato ɗawainiyarsu ma tana wuyan ikkilisiya. Faston da irin wannan rahoto ya iso gabansa a majalisa yana da damar tambaya: kuɗin makarantar yaran nawa ne, wa ke biya?