Fim Ba Darakta: Abin Da Na Gani A Tsamiya

Tun da na fara sharhi a wannan fili ban taɓa rubutu a kan abin da ba a kai shi kasuwa ba. Wannan watan sai masu karatu su yi mini uzuri, domin wasan da ya fi tsaya mini a rai a bana ba a lokeshin aka shirya shi ba. A rumfar wani mai cajin waya na gan shi, a garin Tsamiya da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. Bayan isha'i na je karɓar wayata, sai na tarar da samari biyar a kan benci, kowa ya duƙufa kan tasa wayar, ana ta ciniki da rantse-rantse kamar a tasha. Da na leƙa sai na ga ashe GTA San Andreas ne, wasan kwamfutar nan da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, wanda da yawanmu muka buga a shagunan gem. Amma su ba labarin da kamfanin ya tsara suke bi ba. Tun a 2006 wasu masu sha'awa suka ƙirƙiro hanyar da mutane da yawa za su shiga garin wasan a lokaci guda ta intanet, daga baya abin ya iso waya. Da ka shiga, ba wanda zai ce maka ga abin yi. Kai za ka raɗa wa kanka suna, ka zaɓi sana'a, ka yi magana da bakin wannan mutumin da ka ƙirƙira.

Abin ya yi nisa a duniya. Bayan fitowar GTA V a 2013, wata manhaja mai suna FiveM ta ba jama'a damar gina garuruwansu a ciki. A wani shahararren zaure mai suna NoPixel sai ka rubuta takardar neman shiga an tantance ka, kuma dubban mutane kan zauna su kalli wasan kai tsaye a Twitch kamar yadda muke bin fim mai dogon zango. A Agustan 2023 Rockstar da kansa ya saye masu FiveM ɗin.

To, su samarin Tsamiya abin da suka yi shi ne, sun gicciye motoci biyu a kan wata gada, suka ce nan ne boda. Ɗaya jami'in shinge ne, ɗaya direban babbar mota, ɗaya ɗan canji mai naira da sefa, ɗaya ɗan kamasho. Akwai ma abokinsu da ke shigowa daga Segbana a tsallaken iyaka, shi ne jandarma, yana ta zuba musu Faransanci ta kiran waya. Suka ce ana cikin 2019 ne, shekarar da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta.

Direba ya iso shinge. Jami'i ya ce, "Tsaya nan! Mi kaɗ ɗauko?" Direba ya ce, "Masara ta, yallaɓai." Kowa a rumfar ya san shinkafa ce. Ina jiran a miƙa na goro a wuce, kamar yadda finafinanmu suka saba, sai jami'i ya ƙi karɓa. Nan direba ya yi shiru, can sai ya kwantar da murya ya ce, "Ashe ba ka gane ni ba? Ni na wan Hajara, matarka." Jama'a, babu wata Hajara kafin wannan daƙiƙar! Amma yaron da ke jami'i bai ce ƙarya ne ba. Ya karɓi surukutar, ya shiga tsaka mai wuya: ya kama surukinsa gida ya rikice, ko ya sake shi aiki ya tafi. Kusan minti goma ana wannan dambarwa, ni da na zo karɓar waya na manta da ita.

Abin da ya ba wannan fitowa armashi shi ne babu wanda ya san ƙarshenta, har su masu yin ta. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. A wasan kalankuwa, bayan an gama girbi samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, a kawo ƙara a yanke hukunci, babu takarda ko ɗaya. Haka su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero suka riƙe 'yan kallon talabijin shekara da shekaru, domin kowannensu ya san halin wanda yake kwaikwayo ciki da bai.

Sai dai a nan ne nake so 'yan industiri su buɗe kunne. Mun daɗe muna fakewa da cewa ɗan wasan Hausa ba ya buƙatar sikirif, a gaya masa kan zance kawai ya zuba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ake wannan muhawara. To su waɗannan yara ba su da sikirif, amma suna da doka, kuma mai tsauri. Ba ka kashe mutum ba dalili. In an nuna maka bindiga dole ka ji tsoro kamar ranka ne na gaske. Abin da ka ji da kunnenka a kan benci, in wanda kake kwaikwayo bai ji shi a cikin wasa ba, haramun ne ka yi aiki da shi. Ba ka kuma yanke wa ɗan'uwanka abin da zai same shi, sai dai ka kawo naka ka jira amsarsa. Wannan doka ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa. Sau nawa muka ga jarumi a fim ya san sirrin da babu inda aka nuna an gaya masa, don kawai darakta na sauri a tashi kafin rana ta faɗi?

Ba wai wasan ba shi da aibu ba ne. Na farko, ba ya da ƙarshe. Ana tsakiyar rikicin suruki sai ga wani baƙo daga wata ƙasa ya shigo da mota ya bi ta kan kowa, ya yi gaba abinsa. Kafin a dawo sabis ya ɗauke, Hajara ta tafi ke nan. Marubuci da edita su ne maganin wannan, kuma wasan ba shi da su. Irin wannan matsala ce ta cika fim ɗin Grand Theft Hamlet na 2024, inda wasu 'yan wasan Ingila suka yi ƙoƙarin shirya wasan Shakespeare a cikin GTA, ana ta harbe su suna tsakiyar magana. Na biyu, babu mace ko ɗaya a kan bencin, shi ya sa Hajara ta tsaya a suna kawai, ba mu ji ta bakinta ba. Na uku, garin ba namu ba ne. Los Santos kwaikwayon birnin Los Anjalas ne na Amurka, babu kwalekwale a Kogin Kwara, babu ɗan acaɓa da jarkoki, babu kasuwar Lolo. Kuma wasa ne da aka gina kan bindiga da sata, wanda tun asali na manya ne, don haka iyaye su san abin da ke cikin wayar yaransu. Ga cin data da cin lokaci.

Duk da haka na bar Tsamiya da tambaya a raina. Yankin da ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Faransanci a kasuwa guda, inda ɗan'uwa ke wannan ƙasa surukinsa na waccan, finafinai nawa muka yi a kansa? Mun maƙale a falo da gidan gona da soyayyar mutum uku, ga yara sun ari garin Amurkawa suna ba da labarin ƙofar gidansu.

Shawarata ga furodusoshi da marubutanmu, a shiga mota a je Bagudo, a zauna a kan irin wannan benci da biro da takarda. Ni dai har yanzu ina so in san ko jami'in nan ya kama surukinsa.