BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN WASU LITTATTAFAN ƘIDAYA MASU HOTUNA NA ƘANANAN YARA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan littattafai guda uku na koyar da ƙidaya ta hanyar hotuna, waɗanda aka tsara domin yaran da ba su isa shiga firamare ba. Dukkansu da Turanci aka rubuta su, kuma a ƙasashen waje aka buga su. Abin da ake son ganowa shi ne, idan aka ɗora irin wannan littafi a cinyar yaro ɗan shekara 2 ko 3 a garin Wudil, me zai ƙaru da shi, kuma me ya kamata marubucin Hausa ya ɗauka ko ya bari daga cikinsa. Dalilin wannan tambaya kuwa shi ne, sau da yawa akan ji yaro yana rera "wan, tu, tiri" har zuwa goma kamar waƙa, amma idan aka ce ya miƙo ƙosai uku sai ya dumbuzo son ransa.

4.1 Ma'aunin Sharhi

Gelman da Gallistel (1978) sun nuna cewa ƙidaya ta wuce haddace jerin kalmomi. Daga cikin ƙa'idojin da suka kawo, guda uku ne suka fi shafar wannan nazari. Ta farko, kowane abu a ba shi kalma ɗaya tak. Ta biyu, jerin kalmomin ba ya sauyawa. Ta uku kuma, kalmar da aka faɗa a ƙarshe ita ce jimlar abin da aka ƙirga. Saboda haka littafin ƙidaya nagari shi ne wanda yaro zai iya ɗora yatsa a kan abu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin ya kasance ya san sunansa tun daga gida. In ba haka ba, an haɗa masa aiki biyu ke nan a lokaci guda, wato koyon sunan abu da koyon adadinsa.

4.2 The Very Hungry Caterpillar

Eric Carle ne ya rubuta wannan littafi, ya kuma zana hotunansa, aka buga shi a Amurka a shekarar 1969. Labarin wata tsutsa ce mai yunwa, wadda ta ci tuffa ɗaya ran Litinin, ta yi ta ƙara adadi kowace rana har ta kai ga lemo biyar ran Juma'a, daga ƙarshe ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Ta fuskar tsari, littafin ya cika ma'auni, domin an huda rami a jikin kowane ɗan itace, inda yaro zai tura yatsansa. Wannan dabara ta sa ƙa'ida ta farko ta zama wasa.

Sai dai akwai matsaloli biyu. Ta farko, abubuwan da aka ƙirga ran Talata da Laraba da Alhamis 'ya'yan itatuwa ne na ƙasashen sanyi, waɗanda ba a saba ganin su a kasuwar Wudil ba, kuma ba su da tsayayyen suna a bakin Bahaushe. Ta biyu ta fi zurfi. Sunayen ranakun Hausa aro ne daga Larabci, kuma adadi ne a cikinsu: Lahadi daga ɗaya, Litinin daga biyu, Talata daga uku, Laraba daga huɗu, Alhamis daga biyar. Ke nan idan aka fassara littafin yadda yake, za a ba Litinin abu ɗaya, a ba Talata abu biyu, lissafin ya goce da mataki guda. Marubucin da ya san harshensa da Lahadi zai fara, ya tsaya a Alhamis, ya bar Juma'a ta zama ranar cin kasuwa, kamar yadda take a Wudil.

4.3 Moja Means One

Wannan littafi na Muriel Feelings ne, Tom Feelings ya yi masa zane, an buga shi a 1971. Yana koyar da ƙidayar Suwahili daga 1 zuwa 10, kuma kowane adadi an haɗa shi da wani abu na rayuwar Gabashin Afirka, kamar dutsen Kilimanjaro a matsayin ɗaya, da mutum biyu masu yin wani wasan gurbi mai kama da dara. Muhimmancinsa shi ne ya nuna tun da wuri cewa ana iya tsara irin wannan littafi a kan ƙidayar wani harshe na Afirka.

Amma idan aka auna shi da ma'aunin da aka kawo a sama, za a ga babban jigonsa shi ne gabatar da Afirka ga yaran Baƙaƙen Fatar Amurka, ƙidaya ta zo ne a matsayin hanya. Hotunan ba su da launi mai ɗaukar ido, kuma abin da ake son a ƙirga yana cakuɗe da sauran abubuwan da ke cikin shafin, har sai babba ya nuna shi. Bugu da ƙari, yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a bakin kogin Wudil bai san dutse mai ƙanƙara a ka ba. Wannan ya nuna cewa kasancewar littafi na Afirka bai isa ya sa ya dace da kowane yaron Afirka ba.

4.4 Baby Goes to Market

Atinuke, marubuciya haifaffiyar Nijeriya, ita ta rubuta wannan littafi, Angela Brooksbank ta zana shi, aka buga a Ingila a 2017. Jariri ne goye a bayan uwarsa a cikin kasuwa, masu sayarwa suna ta yi masa kyauta ba tare da ta sani ba: ayaba shida, lemo biyar, cincin huɗu, gasasshiyar masara uku, da ɓarin kwakwa biyu. Kowane karo sai ya ci ɗaya ya jefa saura a kwandon da ke kanta. A cikin littattafan uku, wannan ne ya fi kusa da yaron Wudil, domin babu abin da bai sani ba a ciki, tun daga goyo har zuwa masara. Haka kuma akwai raha, saboda yaro ya san abin da uwar ba ta sani ba, wanda zai sa ya nemi a sake karanta masa.

Wani abin lura shi ne salon cire ɗaya da littafin ya ginu a kai ba baƙo ba ne a Hausa. Bahaushe yakan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon sha tara, ko "talatin biyu babu" maimakon ashirin da takwas. Duk da haka, littafin ya fara daga shida yana saukowa, kuma kowane shafi na ɗauke da adadi uku: abin da aka bayar, da wanda aka ci, da wanda ya rage. Wannan ya yi wa ɗan shekara 2 nauyi, ya fi dacewa da wanda ya riga ya zauna da jerin ƙidaya. Sannan a gidaje da dama na wannan yanki ba uwa ce ke zuwa kasuwa ba, yaro ya fi ganin ciniki a hannun 'yan talla ko a bayan yayarsa.

4.5 Matsalar Harshe

Akwai wani al'amari da ya shafi littattafan duka. A Turanci adadi ke zuwa kafin suna, shi ya sa akan buga lamba ƙatuwa a farkon shafi. A Hausa kuwa suna ne ke gaba, adadi ya biyo: awaki uku, tukwane huɗu. Wato Bahaushe yana ambaton abu tukuna sannan ya faɗi yawansa, don haka hoto ya kamata ya riga lamba. Har wa yau, Hausa na barin suna a tilo tare da adadi, kamar "mutum uku" ko "kifi guda biyar", kuma haka yaro ke ji a bakin iyayensa. Mai fassarar da ya tilasta jam'i a kowane shafi zai fitar da Hausar da ba a yi a tsakar gida.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa littafi na farko ya yi fice wajen tsari, na biyu wajen girmama harshen gida, na uku kuma wajen kawo abubuwan da yaro ya sani, amma babu wanda za a fassara kai tsaye ya wadatar. Littafin da zai amfani yaron Wudil shi ne wanda aka tsara da Hausa tun asali, a kan takarda mai kauri da ba ta yagewa, kowane shafi da abu iri ɗaya a fili: kwalekwale ɗaya a kogi, shanu biyu a kara, tarwaɗa uku, tukwane huɗu, ƙosai biyar. Ya kuma dace ya tsaya a biyar, daidai da yatsun hannun da yaron zai ƙirga da su, a bar goma sai littafi na gaba.